Geron Shuka ta Uku

Bana azumi ya sake faɗowa a bakin damina. Yau kwana goma sha tara da aka yi ruwan shuka a Azare, tun daga nan ko yayyafi ba a ƙara yi ba. Kullum da la'asar hadari zai taso daga gabas, ya yi baƙi ƙirin har kaji su fara neman akurki, sai iska ta zo ta watsa shi. Jiya jikata ta shigo da ƙanƙara a kwano daga gidan maƙwabta, ta ce, "Hajiya, ga ta buɗa baki." Na karɓa na riƙe, tana narkewa tana bin yatsuna, ban san na yi nisa ba sai da yarinyar ta taɓa ni. Masu lissafi sun ce sai an yi shekara talatin da 'yan kai azumi ke komowa inda ya bari. To ya komo, ya same ni da rai, ya kuma tayar mini da wata shekara da na daɗe ban ba kowa labarinta ba.

Lokacin muna zaune a wani ɗan ƙauye arewa da Azare, kan hanyar tsohon garin Katagum. Gida ashirin ne, da masallacin ƙasa, da rijiya ɗaya, da rugar Fulani a bayan gari. In ka tashi bayan sallar asuba, hantsi zai yi maka a kasuwar Azare. Shekarata biyar da aure. Ina da 'ya'ya biyu, 'yar farina da ake kira Ladi, tana shekara uku, da Shehu da nake goyo, watansa tara.

Mijina, sunansa na yanka ba ya fita daga bakina har yau, ko da yake ya daɗe a ƙasa. Mutanen gari Tanko suke ce masa, ni kuma Malam. Dogo ne, mai yawan dariya. In ana gayya shi ke ba da waƙa saura na amsawa, har wasu kan ce gayyar da babu Tanko rana ta fi zafi a cikinta. Ba mu da saniya, ba mu da jaki. Gonar jigawa ɗaya ce da ya gada, sai akuya biyu.

Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke da wuri, gero bai cika ido ba. Tun bazara ba ta yi tsakiya ba, wata safiya Malam ya shiga rumbu ya fito da ƙura a gwiwa da ɗan abin da ya share a ƙwarya. Aka sayar da akuya ɗaya, aka ci. Aka sayar da ta biyu.

Daga nan abincinmu ya koma daji. Da sassafe mu mata mu fita neman yaɗiya da ganyen aduwa, mu dafa mu matse mu sa gishiri. Yara su wuni suna gurgurar goriba har bakinsu ya yi ja. Masu ƙarfi suka riƙa tafiya fadama wajen kogin Jama'are suna haƙo bado. Ni kuwa sau uku a mako nakan goya Shehu in tafi Azare dakau, a gidan wani attajiri mai sayen gyaɗa da hatsi. Mu huɗu ne a kan turmi, tun hantsi har azahar. Ladanmu dusa ce, da ɗan tsakin da ya rage a faifai. A gidan akwai rumbuna jere a bayan ɗakuna, an liƙe bakinsu da laka ana jiran hatsi ya ƙara tsada. Akwai kuma doki a turke, sai an fara ɗibar masa dusarsa a jiƙa da kanwa kafin a raba mana sauran. Matan gidan ba mugaye ba ne. Uwargida takan miƙo mini ƙanzo ta ce in jiƙa wa yara. Amma ko sau ɗaya ba ta tambayi sunana ba, mai goyo take ce mini.

Abu ɗaya ne ba mu taɓa ba, shi ne iri. Tun da kaka Malam ya zaɓi zangarniyar da ta fi kyau, ya sussuke, ya gauraya da toka, ya zuba a gora uku ya rataye a tsakiyar ɗaki. Ko Ladi ta san ba a wasa a ƙarƙashinsu.

Saura kwana shida a ga watan azumi aka yi ruwan farko. Ƙamshin ƙasa ya cika gari, har wani miyau ya tsinke mini kamar an ɗora tukunya. Washegari muka fita, Malam a gaba da sungumi yana sara, ni a baya ina jefa iri ina rufewa da diddige, Shehu a bayana. Ran nan Malam har waƙa ya yi. Gero ya tsiro, ya yi kunne biyu, sai sama ta bushe. Aka kama azumi cikin wata irin rana da in ka taka yashi da azahar sai ka yi tsalle. Muna kallo tsiron ya nannaɗe, ya zama kamar zare, ya ɓace.

Ran biyar ga azumi aka sake yin ruwa, bai kai na farko ba. Muka sauke gora ta biyu. Wannan karon iska ce ta taso da rairayi ta binne tsiron tun bai ɗago ba.

Liman ya aiko cewa masu goyo su sha azumi. Na sha, amma da mai azumi da marar azumi duk abu ɗaya muke ci, kunun dusa da ganye, sau ɗaya. Nonona ya fara ƙafewa. Shehu ya kama ya ja ya saki ya yi kuka, daga baya kukan ma ya zama kamar na ɗan kyanwa. Zawo ya kama shi, maɗigarsa ta faɗa. Akwai wata Bafillatana a ruga, Adda Umma, da muke mutunci. Ta kawo mini madara a ɗan ludayi sau biyu, ta ce shanun an kora su kudu, wadda aka bari ma ba ta iya tashi sai an ɗaga ta.

Ran goma sha biyu ga azumi ruwa na uku ya sauka, mai ɗan dama. Da gari ya waye Malam ya miƙa hannu zai sauke gora ta ƙarshe. Na riga shi kama wuyanta.

Na ce, "Malam, tafi biyu kawai. In dama wa yaron nan koko, ni ma in sha ko nono zai zo."

Ya ce, "Kulu, duba ki gani. Ko rabin gonar ba zai rufe ba."

"Tafi biyu na ce."

"Yau tafi biyu, gobe fa? In muka ci wannan, me Ladi za ta ci da kaka? Ki yi haƙuri, jibi ranar dakau ce, za ki samo tsaki."

Bai yi mini tsawa ba. A hankali ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ya dubi Shehu da ke kwance a tabarma, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ɗauki sungumi ya fita. Ban bi shi ba. Shi kaɗai ya yi saran, shi kaɗai ya jefa.

Kwana huɗu bayan haka, da hantsi, Shehu ya cika a cinyata. Ina yi masa fifita, sai na ga ƙuda ya sauka a gefen idonsa bai ƙifta ba. Liman ya zo da mutum uku aka yi masa salla, aka rufe shi a bayan ɗaki kusa da darni. Malam da kansa ya sa shi a ramin. Da mutane suka watse ya tsuguna a bakin randa yana wanke hannu. Ni ina zaune a ƙofar ɗaki, sai na ji bakina ya ce, "Ka shuka gero, yanzu ka shuka ɗana. Sai mu zauna mu ga wanda zai fito."

Hannunsa ya tsaya a cikin ruwan. Bai juyo ba.

Yanzu da na tsufa, na ga yara da yawa sun tafi da irin wannan zawon, har a gidajen da ke da hatsi, na san da wuya tafi biyu ya tsayar da shi. Amma ran nan ban sani ba, kuma maganar ta riga ta fita.

Kwana biyu Malam bai yi magana ba. In an kira magariba na miƙa masa kunu, sai ya riƙe ƙoƙon har ya huce. A rana ta uku ya fita tun da safe, bai dawo ba sai azahar. Ya shigo da hularsa a hannu, yatsunsa duk jini. Ya miƙo mini ita. A ciki ƙasa ce da ƙwayoyin gero da suka fara tsaga, wasu da ɗan farin jijiya. Ashe ramukan shuka yake bi ɗaya bayan ɗaya yana tonowa da farce.

Ya ce, "Ga shi. Dama masa, yana kuka."

Na ce, "Malam, wa ke kuka?"

"Ba ki ji ba? Yi sauri."

Daga ran nan abin ya ci gaba. Ya daina barci, ya daina wanka. In ya shiga sahu sai ya tsaya ƙiƙam, mutane su yi ruku'u su yi sujada yana tsaye yana kasa kunne. Ladi ta fara ɓuya a bayana in ya shigo. Rannan kuma aka neme shi aka rasa. Ashe Azare ya tafi, ya je layin ma'auna a kasuwa, ya ɗauki mudu cike da gero ya juya ya kama hanya, ba gudu ba ɓoyo. Aka yi masa ihun ɓarawo, aka rufe shi da duka. Allah ya sa wani mutumin garinmu da ya kai itace ya gane shi, ya shiga tsakani yana rantsuwa cewa ba shi da lafiya. A kan jakin itacen aka dawo da shi, goshi a fashe, riga a yage.

Labari ya kai wa wansa, Yaya Mamman, da ke zaune wajen Itas. Ya zo ya dube shi ya share hawaye da hannun riga, sannan ya kira ni gefe.

Ya ce, "Kulu, wannan iska ce ta buge shi. Akwai wani malami can gabas da ke aikinsu. Zai sa masa mari a ƙafa, ya yi masa turare, in ta kama a taɓa shi da bulala har mai abin ya fita. Ke kuma ki ɗauki yarinya ki koma wajen iyayenki a Dambam kafin a ga yadda Allah zai yi."

Na ce, "Yaya, mari fa ka ce."

"To ya za a yi? Yau kasuwa, gobe rijiya. In ya faɗa wa zai fito da shi? Jibi zan zo da jaki."

Yaya Mamman ba mugunta yake nufi ba, tsoro ne. Amma ni tun ina yarinya na taɓa ganin wanda aka dawo da shi daga irin wurin nan. Idon sawunsa duk tabo, kuma har ya mutu in mutum ya ɗaga hannu kusa da shi sai ya kare fuska.

Da la'asar na ja Ladi na tafi gidan Liman, wajen matarsa Inna Dije. Na durƙusa na faɗa mata komai, har da maganar da na yi a bakin randa, wadda ban gaya wa kowa ba. Ba ta ce na kyauta ba, ba ta ce ban kyauta ba. Ta tashi ta kira mijinta.

Liman tsoho ne, idonsa ɗaya ya yi hakiya, rigarsa ɗaya ce ta Juma'a da ta gona. Shi ma sau biyu shukarsa ta ƙone. Ya zauna a kan buzu ya sa na maimaita. Da na gama ya ce, "Ya taɓa ɗaga miki hannu, ko yarinyar?"

Na ce, "A'a, Allah gafarta Malam."

"Ya taɓa cewa wani abu ban da yaron?"

"A'a."

Ya ce, "Ni ban san gaibu ba, 'yata. Amma na san Tanko tun ranar sunansa. Mutumin da ya binne ɗansa da yunwa a cikinsa, ya koma yana neman abin da zai ba shi, ban ga abin da ƙarfe zai yi masa ba. Je ki gida. Gobe zan yi magana da mutane."

Washegari bayan azahar ya tsayar da maza a ƙofar masallaci. Mu mata muna bayan darnin gidansa muna ji. Ya ce Tanko ba zai bar garin nan ba in jama'a sun yarda su riƙe shi. Yaya Mamman, da bai riga ya tafi ba, ya ce, "Allah gafarta Malam, wa zai tsare shi? Kowa na fama da bakin gidansa."

Liman ya ce, "Gida nawa ne a garin nan?"

Aka ce ashirin.

"To kowane gida ya ba da namiji ɗaya, wuni ɗaya. Kafin ya zagayo kanka an yi kwana ashirin. Ni zan fara gobe. Ba tsaronsa za ku yi kamar ɓarawo ba, zama za ku yi da shi. In ya tashi ku bi shi, in ya yi magana ku amsa."

Wani ya ce, "Abincinsa fa? Matar ba za ta iya zuwa dakau ta bar shi ba."

Liman ya ce, "Daga yau kada wanda ya ƙara buɗa baki a ɗakinsa. Abin da aka dafa a kowane gida, ko ruwan ganye ne, a kawo nan. Na mata da yara a kai wa Dije. Wanda bai dafa ba ya zo da ƙoƙonsa, babu mai tambayarsa."

Ina jin wani yana gunaguni cewa wannan ai raba yunwa ce kawai. Sai Jauro, mijin Adda Umma, wanda ba ma cikin gida ashirin ɗin yake ba, ya ce da Hausarsa mai karyewa a sa shi a rana ta biyu. Daga nan saura suka fara amsawa. Yaya Mamman ya ce zai jira zuwa salla, in abin bai yi sauƙi ba zai dawo da jakinsa.

Haka aka yi. Aka sa wa rijiya murfin itace. Liman ya zo da safe da rubutu a ƙoƙo da ɗaurin kaba a hammata. Ya ba Malam rubutun ya sha, ya zauna kusa da shi a gindin darbejiya ya fara tufka igiya. Can ya miƙa masa bakin igiyar ya ce, "Tanko, riƙe mini nan, idona ba ya gani." Ya riƙe. Kafin la'asar hannun Malam ya karɓi tufkar da kansa. Ran nan bai je tonon gona ba. Washegari ya je, Jauro ya bi shi, ya tsuguna a gefensa har ya gaji, suka dawo tare.

Cin abinci wuri ɗaya ya tona abin da kowa ke ɓoyewa. Ashe akwai gida uku da suka fi mu shiga uku, sun kwana biyu ba su hura wuta ba, kunya ta hana su faɗa. Inna Dije takan juye komai a babbar ƙwarya, kunun dusa da na tsaki da na bado, ta raba da ludayi, yara tukuna. Ba ƙoshi ake yi ba. Amma na fi iya haɗiye nawa a cikin mata da in zauna ina kallon tabarmar Shehu.

Liman da kansa ya taka zuwa Azare da azumi a bakinsa, ya je gidan attajirin nan neman zakka. An ce ya zauna a zaure tun hantsi har la'asar kafin a fito. Ya dawo da dawa ƙwarya huɗu, tsohuwa, duk ƙwari sun huda ta. Da aka tambaye shi yadda suka yi, sai ya ce, "Alhamdu lillahi, a bushe ta da kyau." Kwana biyar muka yi muna sa ta a kunu.

Aka fita roƙon ruwa sau biyu, maza da riguna a juye, tsofaffi da yara a baya. Ran ashirin da shida ga azumi, da azahar, iska ta tsaya cak. Zafi ya yi nauyi har numfashi na wuya. Sai gabas ta yi duhu, aka yi wata tsawa da ta girgiza randa, ruwa ya ɓalle kamar ana juye shi. Yara suka fita tsirara suna ihu. Na fito kwashe shanya, na tarar da Malam zaune a gindin darbejiya, igiya a hannu, ruwa na dukansa. Wanda ke zaune da shi ran nan yana jansa yana roƙonsa, ya ƙi tashi. Na je na kama hannunsa. Ya ɗago ya dube ni, irin duban da ya daɗe bai yi mini ba, na mutumin da ya san wadda ke gabansa.

Ya ce, "Kulu, an rufe shi da kyau? Kada ruwa ya shiga."

Na ce, "An rufe shi da kyau, Malam. Kai ka rufe shi."

Sai ya fashe da kuka. Tun ranar da aka binne yaron bai yi ba. Muka zauna a cikin taɓo ni da shi, mutumin nan ya juya mana baya ya tsaya yana kallon darni har muka gama.

Shukar nan ta uku, wadda bai kai ga tonewa ba, ta rayu. Saura kwana ɗaya salla maza suka yi masa gayya. Babu fura, babu tuwo, mutane ne da azumi da yunwa, wasu in sun sunkuya sai sun dafa fartanya kafin su miƙe. Ban taɓa ganin gayya shiru ba sai ran nan, ƙarar fartanya kawai kake ji, don mai ba da waƙar yana zaune a bakin gona yana tufka. Inda ya tone, aka cike da waken da gidaje suka tara, wannan tafi ɗaya, wancan rabi.

Ran salla Yaya Mamman ya zo da jakinsa kamar yadda ya ce. Ya sami ƙanensa ya yi wanka, ya gaishe shi da sunansa, ya tambayi iyali. Yaya Mamman ya daɗe a zaune. Da zai tafi ya sauke ɗan ƙullin dawa daga kan jakin ya ajiye a ƙofar ɗaki, ya hau ya koma shi kaɗai.

Yunwar ba ta ƙare da salla ba. Wata biyu muka ƙara muna cin tafasa da rama kafin a fara gasa tumu. A tsakanin nan mun binne tsofaffi biyu da wata yarinya sa'ar Ladi. Amma ba a daina kai abinci masallaci ba sai da sabon gero ya shigo, kuma zaman da ake yi da Malam ya zagaya gari sau uku.

Geron ya yi kyau, abin da ya fi ba ni ciwo ke nan. Zangarniya kamar damtse. Ranar da na fara yin tuwonsa na kai wa Malam, yana jin ƙamshin sai ya fita bayan ɗaki ya yi ta amai. Na sake gwadawa da fura, haka. Da Liman ya ji, sai ya aiko da damin dawarsa aka ɗauki damin geronmu. Wasu gidaje suka yi haka su ma, dami da dami, har rumbunmu ya koma na dawa. Geron nan duk gari ya ci shi, ban da mai shi.

Yanzu an ce akwai magani a asibiti na irin wannan ciwon, har da allura, kuma na ga waɗanda aka kai suka dawo suna sana'arsu. Da akwai a lokacin, da na kai shi ko a ka zan ɗauke shi. Ina kuma ganin wasu a bakin tasha in za mu unguwa, da tsumma da gashi a cukurkuɗe, motoci na kauce musu. Nakan tambayi ɗana ko ɗan wane gida ne, ya ce bai sani ba. Nan inda muke zaune katangar siminti ce, gidan da ke bayanmu ma ban san sunan matar ba.

Malam ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. Ya zama mai igiya, har daga Jama'are ake zuwa saye. Mun sake haihuwa biyu. Yana salla, yana noma, yana wasa da yaransa, amma bai ƙara waƙa ba. Kuma duk shekara in an yi ruwan shuka sai shirun ya dawo masa, mako ɗaya ko biyu. Ba sai na aika ba. Da safe zan ji sallama, in leƙa in ga wani ya zo da tabarmarsa ya shimfiɗa a gindin darbejiya. Har bayan rasuwar Liman ba su fasa ba, waɗanda suka tsufa 'ya'yansu suka karɓa.

Duk shekarun nan ban taɓa tayar masa da maganar bakin randa ba, tsoro nake ji kada in tono abin da ya kwanta. Sai a ciwonsa na ƙarshe, da kaka, wata la'asar yara sun fita, na ga jikin ya yi nisa. Na matsa kusa na ce, "Malam, ka yafe mini maganar da na faɗa maka ranar da aka binne Shehu."

Ya lumshe ido, har na ɗauka barci ya yi. Can ya ce, "Na ji ki ran nan. Amma ba ita ta kayar da ni ba, Kulu. Tun a gona, ina jefa irin nan, zuciyata ke gaya mini yaron ba zai kai ba. Ina ji, ina ci gaba da jefawa." Ya numfasa. "Na yafe miki tun tuni. Ni fa?"

Na ce na yafe masa duniya da lahira. Ya gyaɗa kai, ya ce in gyara masa matashi.

Washegari bayan azahar ya rasu. Ina daga cikin ɗaki ina leƙe ta jikin asabari aka fito da shi. Maza suka yi ta karɓar makarar daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ina bin su da ido ɗaya bayan ɗaya har suka sha kwana. Babu ko mutum ɗaya a cikinsu da bai taɓa wuni a gefensa ba.